Albasa da Rake

Rumfarmu ɗaya a Katako, ni da Sayni,
kwano ɗaya ya rufe mu, shi ma mai yoyo.
Na kasa albasar Tamaske ta gabas,
ya jingina raken Tunuga ta yamma,
shekara huɗu ke nan muna gardama.

Ya ce, ku Adarawa me kuke ci ban da dutse?
Na ce, dutsen nan shi ya koya mana lissafi.
A garinmu Tsahara takan fita da asuba
da jaki, da igiya gaba ashirin,
ta dawo da hantsi da jarka huɗu.
Ruwan da aka wanke gero, na akuya ne,
wanda aka wanke yaro, na zogale.
Ba a zubar da ruwa a gidanmu,
sai dai a sake aikensa.

Sayni ya yi dariya har rake ya shaƙe shi.
Ya ce su ruwa ne ke zuwa gaishe su,
ya shigo har zaure ba sallama.
Yaronsu kafin ya riƙe Fatiha ya iya tuƙa kwalekwale.
Giginya ta ba su azara, ta ba su tabarma,
ta ƙara musu da muruci na marece.
Na ce, sauronku fa, masu ɗaga labule su leƙa?
Ya ce, gara su da ƙarangiya.
Kai da ba ka taɓa ganin kifi ba sai busasshe,
ka ɗauka a lanƙwashe Allah ya halicce shi.

Na ce masa, in an ɗaure gero, an cika rumbu,
garinmu sai mata da tsofaffi da kaji.
Maza sun yi Abijan, sun yi Ikko,
ta waya ake raɗa sunan jariri.
Mata ke ɗaukar duwatsu a ka, suna jera su a gangare
don in ruwa ya zo da gudu
ya ɗan zauna ya sha fura.
Ya ce, mu ba mu san cirani ba,
shinkafa na fita, dankali na shiga.
Na ce, to me ya kawo ka Yamai?
Bai amsa ba. Ya ci gaba da fere rake.

Ran wata Laraba, tsakiyar damina,
wayarsa ta yi kuka, ya koma gefe.
Ban jin Dandanci, amma na ji muryar.
Kogi ya karya dingar da suka yi,
ya kwashe shinkafa, ya kwanta ɗakin uwarsa,
an fitar da ita a jirgi da tukunya ɗaya.

Ban gaya masa ba, tawa ta yi kuka tun Litinin.
Kwana ashirin da uku ba ɗigo,
gero ya naɗe ganye kamar tabarmar baƙo,
Tsahara ta tambaye ni kuɗin tiya a nan,
ta ce yara sun fara zuwa tsinkar anza.

Da la'asar hadari ya haɗo ta hayin gada.
Na dube shi da kwaɗayi, shi ya kau da kai.
Ruwan ya sauko kan Yamai
inda babu gonar kowa a cikinmu.

Muka ja buhuna daga bakin yoyo,
shi ya kama gindi, na kama baki.
Na dama fura a kwanon sha ɗaya,
ya kwance ƙullin kifinsa ya tura gabana.
Ya ce, ci a hankali, Asumana, da ƙaya.
Na ce, mu da ƙaya muka girma.